Kafaɗar Baba Shekwolo

Kakana bai iya zama ba. Duk wanda ya san shi a Chanchaga, abin da zai fara gaya maka ke nan. A ba shi kujera, ya ɗosana a bakinta kamar mai jiran a kira sunansa. A zuba masa tuwo, ya ci a tsaye. A coci ma bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ya fita ya zagaya ginin sau biyu ya dawo. Sunansa Shekwolo. Ban riske shi ba, ya rasu a 1994, ni kuwa sai daga baya aka haife ni. Abin da zan faɗa daga bakin 'yarsa ta fari na ji shi, Goggo Magdalene, yayar babana. Tela ce a Tudun Wada, kuma ba ta ƙara wa labari gishiri. Ko a miyarta ma da ƙyar take sa shi.

Abu ɗaya mutumin nan ya nema a tsufansa. So yake ya shiga layin tsofaffin sojoji ran sha biyar ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya taka fareti sau ɗaya tak a gaban mutanen Minna. Shekara goma ana hana shi.

Sai na fara da maganar kafaɗa, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane sauran ba. Mu Gbagyi ne, waɗanda kuke ce wa Gwari. Ba ma ɗora kaya a ka. Kun sha ganin iyayenmu mata a hanyar kasuwa da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a bayan wuya, wasunku har dariya kuke yi. A wurinmu kai shi ne sarkin jiki, shi ke tunani, ba a mayar da shi jaki. Kafaɗa ce ma'aikaciya. Haka Baba, wato kakan nawa, ya tashi ya gani, haka ya yi har ya koma ga Allah.

Yana da shekara ashirin ko kusa da haka aka kwashi samari zuwa yaƙin Turawa. Mai unguwa ya nuna shi da yatsa, shi ke nan. Ya tsinci kansa a ƙasar Burma, cikin rukunin da ake ba kaki da lamba da adda, amma ba a ba su bindiga. Aikinsu ɗaukar kaya. Dajin can babu hanyar mota, jirgi ne ke jefo harsashi da abinci daga sama, su kuma su kwasa su bi masu bindiga duk inda suka nufa, tudu da kwari. Kowa ya naɗa gammo ya aza a ka. Baba ya naɗa nasa ya aza a kafaɗa.

Ya sha wuya a kan wannan. Sajen da ke kansu ya ce taurin kai ne. Gwale-gwale, mari, tsallen kwaɗo, babu wanda bai sha ba. A ɗora masa akwatin harsashi a ka da ƙarfi, da saje ya juya baya sai ya zame shi zuwa kafaɗa. Rannan ana cikin dukansa sai ga wani dogon Bature, laftana, ya tsaya ya tambayi laifinsa. Sunansa Haloran, mutumin Ostireliya. Yadda aka yi ya faɗo cikin rundunar 'yan Najeriya, Baba cewa ya yi yaƙin a Ingila ya same shi, iyakar abin da ya sani ke nan. Baturen ya kalli yadda akwatin ya kwanta a wuyan Baba, sai ya yi dariya, ya ce da 'yar gurguwar Hausarsa:

"Saje, bar shi. A garinmu haka nake ɗaukar tunkiya."

Ashe ɗan makiyaya ne. Daga ranar ba wanda ya sake taɓa Baba, shi kuma Baturen suka sa masa Mai Tumaki.

Wata safiya suna tsallaka wani rafi, ruwa iya ƙugu, sai Japanawa suka buɗe musu wuta daga kan tudu. Ku auna: mutum sama da sittin a tsakiyar ruwa, kowa a miƙe da kaya a ka, ba damar sunkuyawa, ba damar gudu. Cikin sojojin da ke tare da su, mai riƙe da mashingan, wato babbar bindiga, shi aka fara kayarwa. Haloran ya riga ya haye, yana cikin duhuwa, babu abin da zai same shi in ya yi shiru. Sai ya fito a guje, ya fizge bindigar daga hannun gawar, ya nufi wani tsibirin yashi da ko ciyawa babu, inda kowa zai gan shi. Da gangan ya yi. Wutar duk ta bar masu kaya ta koma kansa. Ya kwanta yana harbi yana ihu, "Ku wuce! Ku wuce!" Harsashi ya same shi a cinya, ya cire bel ya ɗaure, ya ci gaba. Wani ya sake samunsa a haƙarƙari. Bai daina ba sai da mutum na ƙarshe ya fita daga ruwan.

Aka ce a ja da baya. Ɗauko shi da gadon marasa lafiya sai mutum huɗu a tsaye, wato gawa huɗu. Baba ya ajiye akwatinsa, ya koma cikin ruwan shi kaɗai. Ya ja Baturen, ya gicciya shi a wuya, ƙafafu a dama, hannuwa a hagu, ya sunkuya ya kutsa ƙarƙashin gora, inda mai kaya a ka ba zai iya bi ba. Baba ya ce suna cikin tafiya, jinin mutumin na bin bayansa, sai ya ji murya a kunnensa a hankali: "Meee." Mutum na bakin mutuwa yana kukan tunkiya! Ya ce bai san sanda ya fashe da dariya ba, yana dariya yana hawaye yana gudu. Tun hantsi sai da rana ta karkata ya kai shi inda ƙaramin jirgi ke kwasar masu rauni. Aka tura shi ciki, jirgi ya tashi.

Ko ya rayu, ko ya mutu a sama, ba wanda ya taɓa gaya wa Baba. Goggo ta ce a ganinta tun ranar ƙafarsa ta ƙi tsayawa. Jiran labari yake yi.

Ya dawo gida, ya yi aure, ya koma noman doya. Takardar sallamarsa ya naɗe a tsumma ya soke a jinkar rumbu, don a wurinsa babu wurin da ya fi rumbu tsaro. Gara ta cinye ta tas. Ko a jikinsa, wa zai tambaye shi takarda a gona?

Sai aka yi jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni, bikin tunawa da sojoji ya zama abin kallo. Tsofaffin da suka je Burma suka haɗa layinsu, su arba'in da uku. Mai jan layin shi ne Saje Gimba, Banufe daga Bida, siriri, mai gashin baki kamar an zana, yana gyaran agogo a Tudun Wada, ɗan nesa kaɗan da shagon Goggo. A bencin ƙofar shagonsa suke taruwa. Nan Baba ya same su, bayan ya tako tun daga Chanchaga, don ba ya iya jiran mota ta cika. Hausar Baba ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya, ni na ɗan daidaita ta a nan.

"Saje, ina kwana. Na zo a sa ni a layi."

"Wace bataliya?"

Baba ya faɗa, ya karanto lambarsa ba gargada.

"Au, 'yan dako! Ina takarda?"

"Gara ta ci."

"To garar ta zo ta yi fareti mana, ita ke da shaida."

Benci ya kwashe da dariya. Baba bai yi fushi ba, ya ba su labarin rafin nan da Mai Tumaki daga farko har ƙarshe, a tsaye. Saje Gimba na jin an zo wurin kafaɗa sai ya cire gilashin gyaran agogo daga idonsa.

"Tsaya, Bagwari. A ina ka ce kake ɗaukar akwatin?"

"A kafaɗa."

"Ni shekara biyu na yi a dajin nan. Na ga 'yan dako dubu, Tibi, Ibo, Kanawa, kowa a ka. Oda ce. Wanda ya ce a kafaɗa ya ɗauka, bai je ba, a gidan burkutu ya ji labari. Kuma dogon Bature, daga hantsi har la'asar? Buhun dawa ne?"

"Saje, ba a rundunarku nake ba."

"To je ka nemi rundunarku."

Kun ga abin? Al'adar da ta ceci ran mutum, ita ce ta mayar da kakana maƙaryaci. Kuma ban ce Saje Gimba mugu ba ne. Ya binne abokai a can, yana kishin layin nan kamar ɗakin uwarsa, kuma an sha samun masu sayen tsohon kaki a gwanjo su zo suna cika baki. Amma ya yi kuskure, kuma ya daɗe a kansa.

Goggo ta ɗinka wa Baba kaki, wando da riga, da maɓallan ƙarfe. Duk shekara sai ya sa a goge masa da dutsen guga na gawayi har karinsa ya tsaya, ya saka, ya tafi filin fareti, ya tsaya bayan igiyar da ake tare 'yan kallo. In ganga ta tashi, tsofaffi suka motsa, shi ma sai ya fara takawa a inda yake, yana ɗaga gwiwa, hannu na lilo, bai matsa ko taku ɗaya ba. Mutane suka sa masa Sojan Bayan Igiya. Goggo ta ce ranar da ta fara jin sunan, gida ta koma ta yi kuka.

"Baba, ka bar zuwa wurin nan. Dariya ake yi maka."

"Su yi. Ba su suka shiga ruwan ba."

"To ka zauna mu yi magana."

"Ina jin ki a haka."

Kowace shekara, da an shiga Janairu, sai ya koma bencin Saje, a sake korarsa. Layi kuwa na ta raguwa. Arba'in da uku suka koma talatin, suka koma goma sha tara. Zuwa farkon 1987 saura su goma sha biyu. A shekarar ne labari ya zo cewa wannan ne karo na ƙarshe da tsofaffi za su taka. Daga baɗi kujeru za a jera musu a ƙarƙashin rumfa, su zauna su yi kallo, don an gaji da fargabar wani zai faɗi a fili. Baba na jin haka ya bar kunyar doya rabi, ya kamo hanya. Wannan karon Goggo ta rufe shago ta bi shi.

"Baba Saje, don Allah," in ji ta da suka isa bencin, har da durƙusawa. "Sau ɗaya ne ya rage. Ko a ƙarshen layi ne."

"Tashi, 'yata, ke ba ruwanki. Ɗinkinki ya yi kyau, amma tela ba ya yin soja."

Baba ya sunkuyar da kai. Ƙasan benci yake kallo. Ƙafar Saje ta hagu ta kumbura suntum, an tsaga takalmin ta gefe da reza don ta shiga.

"Saje, wannan ƙafa ba za ta kai ka ba."

"Ƙafata ta je Burma ta dawo. Taka fa?"

"Ka bari wani ya ja layin."

"Ji ɗan dako zai ba ni oda! Kama hanyar Chanchaga tun rana ba ta yi ba."

Saura kwana huɗu a yi faretin, a cikinsu Baba bai je gona ba, bai kuma zauna a gida ba. Ya je bakin kogi ya dawo, ya kwance dangar da lafiyarta ƙalau ya sake ɗaurewa, ya sa a goge kakin nan har sau uku. Goggo ta ce kallonsa kawai gajiyar da mutum yake yi.

Ranar ta zo. Fili ya cika, manya na kan dandamali, sojoji matasa sun wuce, 'yan sanda sun wuce. Aka kira tsofaffi. Su goma sha biyu suka jeru, Saje Gimba a gaba da sandarsa a hammata, lambobi na ƙyalli a ƙirji. Baba na bayan igiya, Goggo na gefensa. Saje ya daka tsawa, ganga ta ɗauka, suka motsa. Taku ashirin, ƙila ashirin da biyar. Sai ƙafar ta lanƙwashe, Saje ya zube.

Layi ya tsaya cak. Saura kamar taku ɗari su kai gaban dandamali. Wasu sojoji biyu suka rugo da gadon ɗaukar marasa lafiya, Saje ya kai musu duka da sanda daga kwance.

"Kada wanda ya taɓa ni! Japan ba su fitar da ni a kwance ba, ku ne za ku fitar da ni?"

Ya yunƙura, ya sake zubewa. Ganga na ta bugu a banza. Wani hafsa ya fara yi wa sauran tsofaffin alama da hannu su fita ta gefe, a wuce wurin. Faretin ƙarshe ke nan zai ƙare a haka, a tsakiyar fili, ba gaisuwa.

Goggo ta ce ta ji jikin Baba ya motsa, sai ta damƙe rigarsa.

"Baba, kar ka je! Harbinka za su yi!"

Maɓalli ɗaya ya tsinke a hannunta. Ya riga ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya. Wani kurtu ya taso zai tare shi, ya ga tsoho cikin kaki mai kari yana tafiya kamar wanda aka aika, sai ya ɗauka ɗan layin ne ya makara, ya kauce. Baba ya isa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya kama hannun Saje da cinyarsa mai lafiya, ya juya kafaɗa sau ɗaya. Kafin a ce me, Saje Gimba na gicciye a wuyansa, ƙafafu a dama, hannuwa a hagu. Mutumin da ya shekara sittin da biyar, ya miƙe da shi kamar ya ɗauki damin dawa.

Abin da suka ce wa juna, Saje da bakinsa ya ba Goggo labari daga baya.

"Sauke ni, Bagwari! Sauke ni na ce!"

"Yi shiru, Saje. Wancan ya fi ka nauyi kuma bai yi mini ihu a kunne ba."

"Ka tona mini asiri a gaban gwamna!"

"Fita za mu yi ko gaba za mu yi? Kai ne mai oda."

Saje ya ce a nan ya lura da abu ɗaya. Ƙafarsa mai ciwo ba ta ko girgiza. Mutumin ya tallafe ta ta yadda ba za ta bugi komai ba, ya sa nauyin duk a ɗaya gefen, kuma bai tambayi kowa yadda ake yi ba. Ya ce wannan riƙon ba a koyonsa a gidan burkutu. Sai ya ja numfashi, ya daka tsawar da aka ji har bakin titi, tsofaffi goma sha ɗaya suka gyara tsayuwa a bayansu.

"Lef! Rai! Lef! Kai ɗan dako, da hagu ake farawa!"

"Na sani. Nauyinka ne ya karkata ni."

Haka suka tafi. Da suka zo daidai dandamali Saje ya ba da odar a juya ido dama, ya ɗaga hannu ya sara daga kwancen da yake a wuyan mutum, hularsa na neman faɗuwa. Wasu 'yan kallo dariya suka fara, Goggo ba ta ɓoye mini wannan ba. Amma kafin layin ya kai ƙarshen fili dariyar ta mutu, tafi ya maye gurbinta. Ita dai tana tsaye da maɓalli a tafin hannu, ba ta iya tafawa ba.

A gindin wata bishiya Baba ya sauke Saje, a hankali, ƙafar ciwon ce ta ƙarshe da ta taɓa ƙasa. Saje ya daɗe yana haki kamar shi ya yi ɗaukar. Can ya ce:

"Baturen nan naka. Me ka ce sunansa?"

"Haloran. Mai Tumaki."

"Ya rayu?"

"Ban sani ba, Saje."

Saje ya gyaɗa kai. Ya matsa gefe a kan saiwar bishiyar, ya buga wurin da tafin hannu.

"Zauna, soja. Ba ni labarin daga farko. Wancan karon ban saurara ba."

Baba ya zauna. Goggo ta rantse mini ya kai awa guda a zaune, ita ta duba agogon Saje. Da yamma ma a zaune ya ci tuwonsa, har matan gida suka riƙa leƙowa ko ba shi da lafiya. Kada ku ɗauka ya warke, washegari da sassafe yana tsaye a bakin danga yana neman abin kwancewa. Shekarun da suka biyo baya an ajiye masa kujera a rumfa kusa da ta Saje, yakan ɗosana, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Labarin Haloran kuwa bai taɓa zuwa ba.

Kakin na nan a akwatin Goggo, na gan shi da idona. Maɓallin kuma na cikin gwangwanin allurarta. Na ce, "Goggo, ke da kike tela, ɗinkin minti ɗaya ne fa." Ta karɓe rigar daga hannuna ta ninke.

"Shi ya ce a bar ta haka."